Hurumin Ƙasa da Haƙƙin Mai Kufai

A garin Anka akwai wani gini da aka fara domin ya zama sabuwar fadar Sarkin Zamfara, tun ba a kammala shi ba sai ya zama masaukin mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suka kakkafa 'yan bukkoki na leda da kara a cikin harabarsa, suka zauna suna jiran ranar da Allah zai kawo sauƙi. Duk wanda ya zauna da dattawan irin waɗannan wurare, ko a Anka ko a Gummi ko a Bukkuyum, ya kuma yi haƙuri har hira ta wuce batun abinci da magani, zai ji zancensu yana komawa wuri guda, watau gida. In ya ƙara kasa kunne zai gane cewa ɗakin laka da jinka shi ne mafi ƙanƙanta daga abin da suke nufi, domin ɗaki a rani guda ake sake gina shi. Abin da ke hana su barci shi ne gonar gado da ta koma saura, da masallacin da aka daina kiran salla a cikinsa, da kushewar iyaye wadda babu mai zuwa ya nome mata ciyawa, balle ya tsaya ya yi sallama ga mazauna cikinta.

To, akwai wasu ɗaliban ilimi masu kyakkyawar niyya da kan yi wa irin waɗannan dattawa nasiha, su ce ƙasa duk ta Allah ce kuma mai faɗi ce, mumini kuwa matafiyi ne a duniya, saboda haka rataya zuciya ga wani yanki na turɓaya rauni ne na tawakkali, in ma bai zama ɓurɓushin al'adun jahiliyya ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce mas'alar da nake so mu duba a tsanake, ni da kai mai karatu. Shin ƙasa tana da wata alfarma a addini wadda za ta sa jama'a su haɗa kai su tsare ta, su kuma nemi komawa cikinta bayan an fitar da su, ko kuwa duk ƙasa ɗaya ce, inda ƙafa ta tsaya nan ne gida?

Sai mu fara ba masu wannan nasiha haƙƙinsu, domin hujjarsu ba daga iska suka ɗauko ta ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin duwatsu da kukoki da tsamiyoyi da ake yi wa yanka ana neman biyan bukata a gindinsu, kuma a nan Zamfara ɗin ma Dutsen Kwatarkwashi sananne ne a tarihin wannan al'ada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tare da ƙanensa Abdullahi, kuma babban abin da yake kira a kai shi ne a daina gauraya Musulunci da tsafi. Bayan kusan ƙarni biyu, ɗan garin Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud Gummi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962 ya kuma rasu a 1992, ya ƙarar da rayuwarsa yana jan kunnen mutane game da neman albarka a wurin da shari'a ba ta ajiye ta ba. Sa'an nan ga hijira, wadda Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya bar Makka saboda ita, Shehu kuma ya bar Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin addini da ƙasa, ko tsakanin rai da ƙasa, to ƙasa ake bari, kuma ban san wani malami abin dogaro da ya saɓa wa wannan ba. Duk wanda ya gudu da iyalinsa daga Dajin Gando cikin dare bai yi abin kunya ba, ya yi abin da shari'a ta umurce shi.

Amma fa akwai bambanci mai girma tsakanin abin da ake bauta wa da abin da ake kiyaye alfarmarsa, kuma harshenmu da kansa ya riƙe wannan bambanci a cikin kalma ɗaya wadda muka aro daga littattafan fiƙihu har ta zama tamu, ita ce hurumi. Bahaushe yana cewa hurumin gari, da hurumin rijiya, da hurumin masallaci, kuma in ya ce wa mutum "wannan ba huruminka ba ne", yana nufin ka tsaya nan, akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Fuƙaha'u na mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani filla-filla cewa kowane gari yana da kewayen da mutanensa ke kiwo da itace a cikinsa, gwargwadon inda za su fita da safe su komo kafin dare, kuma ba ya halatta wani mutum guda ya shinge wannan wuri ya mallake shi, haka nan rijiya da kogi da bishiya kowanne yana da nasa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, domin ya ga cewa daular da ba ta daidaita sha'anin gona da makiyaya ba ba za ta zauna lafiya ba. Mutanen da suka rubuta wannan su ne dai waɗanda suka yaƙi tsafi, ba su kuma ga wani karo tsakanin abubuwan biyu ba.

Batun maƙabarta ya fi wannan ma bayyana. A wurin Malikiyya kabari hubusi ne ga wanda ke cikinsa, watau waƙafi, ba a tone shi ba a taka shi muddin akwai sauran wani abu na mamacin, kuma an karantar da mu cewa alfarmar mumini bayan mutuwarsa kamar alfarmarsa ce yana raye. Saboda haka dattijon da hawaye ke zubo masa don an bar kushewar mahaifinsa a hannun ɓarayin daji, shanun sata suna tattaka ta, ba roƙon matattu yake yi ba, haƙƙin da ke wuyansa ne yake tunawa, haƙƙin da mamaci ba shi da bakin nemansa. Na kan yi mamakin yadda mai nasiha zai tsallake wannan babi, alhali yana nan a cikin littattafan da ake karantawa a kowane zaure.

Mu koma ga hijirar da aka kafa hujja da ita. Masu tarihin Annabi sun ruwaito cewa a lokacin da yake fita daga Makka ya juya ya bayyana irin son da yake yi mata, ya kuma ce fitar da shi aka yi, ba don haka ba da bai fita ba. Bilalu, da zazzaɓin Madina ya kama shi, kwazazzaban Makka da ruwayenta yake ambato cikin begensa, ba wanda ya ce masa imaninsa ya yi rauni. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama, a Baƙara da Nisa'i da Mumtahana, yana jera fitar da mutane daga gidajensu tare da kisa ko yaƙi, kuma ayoyin Suratul Hajji da suka fara ba Musulmi izinin kare kansu sun ambaci korarsu daga gidajensu ba da haƙƙi ba a matsayin zaluncin da aka yi musu. Da a ce duk ƙasa ɗaya ce a wurin ɗan Adam, da kora ba ta zama zalunci ba, da ta zama sauyin masauki kawai. Hijirar kuma ba a Madina labarinta ya ƙare ba, domin bayan shekara takwas an koma Makka.

Akwai wani labari na Sayyidina Umar da ya kamata kowane mai mulki a Zamfara ya san shi. Lokacin da ya keɓe makiyayar Rabaza domin dabbobin baitulmali, ya umurci wakilinsa da ya bar masu 'yan raƙuma kaɗan da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan attajirai, domin attajiri in dabbarsa ta halaka yana da gonar dabino da zai koma, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa. Sa'an nan ya yi iƙirari da cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, domin ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi a jahiliyya, a kanta kuma suka musulunta, kuma ba don larurar dabbobin jihadi ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Ka duba, ya ɗan'uwana, halifa ne mai cikakken iko, yana ɗaukar ƙasa saboda maslahar al'umma, amma zuciyarsa ba ta natsu ba, domin ya san cewa daɗewar mutane a wuri tana haifar musu da haƙƙi a kansa.

Anka kanta shaida ce a kan wannan. Bayan tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa, gidan sarautar Zamfara kuwa ya shiga yawo daga wannan gari zuwa wancan, ya zauna Kiyawa ya tashi, har daga bisani a farkon ƙarni na 19 ya tabbata a Anka. Sun rasa birnin, amma ba su yarda sun saki sunan ba, shi ya sa har gobe Sarkin Zamfara ake kiran mai sarautar Anka. Garin da ke karɓar 'yan gudun hijira a yau 'yan gudun hijira ne suka ɗaukaka shi, kuma abin da ya riƙe su tsawon wancan yawo shi ne sun ƙi mantawa da ko su wane ne da kuma inda suka fito.

A zamaninmu an raba mutanen yammacin Zamfara da ƙasarsu ta hanya biyu, kuma ta farkon ta fi ban tausayi, domin suna zaune a kanta ta juya ta zame musu ajali. Lokacin da farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowace oza a kasuwar duniya, manoman da noma bai ishe su ba suka duƙufa haƙar duwatsu a daji, suna kawo su cikin gida, maza na fasawa, mata na daka a turmin da ake dakan hatsi, ana niƙa a injin, ana shanya gari a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san cewa dutsen cike yake da dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yadda yara ke mutuwa bayan farfaɗiya da suma, aka bincika aka gano gubar dalma ce, a 'Yargalma da Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega ta ƙasar Anka. Binciken da aka yi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A wasu wuraren dalmar da aka auna ta kai kashi ɗaya cikin goma na turɓayar kanta. Yaran da suka rasu gaba ɗaya sun haura 400, waɗanda suka rayu kuwa da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, taɓin da ba ya warkewa. Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne domin tsare abu biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ga shi kuwa a neman na biyar an salwantar da uku a tsakar gida ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi girma da na sani game da alfarmar ƙasa. Likitoci suka ce maganin fitar da guba ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma ya zauna a kan turɓayar da ta sa masa cutar, sai an fara warkar da ƙasa kafin a warkar da ɗa. Sai aka shiga aikin da ba a taɓa ganin irinsa a wannan yanki ba, tare da ƙwararru daga waje da ma'aikatan jiha da masarautu. Mutanen ƙauyukan da kansu suka ɗauki fartanya da shebur, gida bayan gida, ɗaki bayan ɗaki, suna kankare saman ƙasa, a zuba a buhu, a kai rami mai nisa a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Masu gida suka buɗe ƙofofin da baƙo namiji ba ya shiga, iyayen ƙasa da hakimai suka sa baki aka fitar da injinan niƙa daga cikin gari. Ƙauyuka bakwai aka gama a 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, tana jiran kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari. Sai da wasu matasa, ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar suka yayata ta a intanet da gidajen rediyo, suna tambayar ina kuɗin Bagega, tukuna aka saki kuɗin a watan Janairu na 2013 aka yi aikin. Ni a ganina wannan kankarar ƙasa ɗahara ce da ma'anarta ta zahiri, kuma farilla ce ta kifaya wadda jama'a suka sauke da hannuwansu, ba kuwa wanda zai ce sun yi shirka don sun durƙusa a kan turɓaya suna tsarkake ta.

A nan ya kamata a faɗi wata magana game da zinariyar kanta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma wannan bai yi nisa da mazhabar Maliku ba, wadda ta sa hukuncin ma'adinai a hannun shugaba. Sai dai fuƙaha'u sun ɗaure wannan iko da sharaɗi, cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa dole ya rataya ga maslaharsu, domin shi wakili ne a kan dukiyar, wakili kuwa ba ya cin amanar wanda ya wakilta shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta hana haƙa a wurin da jama'a ke girmamawa, ta kuma wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da mutanen wurin kafin ya fara aiki. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, aka ɗage hanin a watan Disamba na 2024. To mutumin Bagega yana da ikon ya tambaya, a shari'ance da kuma a dokance, wace maslaha ce ta iso gare shi daga dukiyar da ke ƙarƙashin gonarsa, shi da ya binne 'ya'yansa saboda ita.

Hanya ta biyu ita ce bindiga, kuma ba sai na tsawaita ba, domin mai karatu ya san ta, wataƙila ma ta shiga gidansu. Kwamitin da gwamnatin jiha ta naɗa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya ƙidaya mutum 6,319 da aka kashe a Zamfara tsakanin 2011 da 2019, da mata 4,983 da aka mayar zawarawa, da marayu 25,050, da mutum 190,340 da aka raba da muhallinsu. Daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kusa 200. Waɗanda suka ƙi tashi kuwa, da yawansu sai sun tara kuɗi gida gida sun kai daji kafin a bar su su yi shuka, su sake kaiwa kafin a bar su su girbe, wasu ma a tilasta musu noma gonar wanda ya kashe ɗan'uwansu.

Hukuncin wannan a fili yake. Wanda aka tilasta ya biya don ya tsira da ransa da abincin 'ya'yansa babu laifi a kansa, zunubin yana wuyan mai karɓa. Ƙwace kuma ba ya mayar da haram halal, ko da mai ƙwacen ya shekara hamsin yana noma wurin. Amma akwai wani babi da nake tsoron a yi amfani da shi a cuci mutane nan gaba, shi ne babin hauzi, wanda alƙalanmu suka sani sarai, cewa wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki a cikinta, mai ita yana gani bai yi magana ba, to da'awar mai ita ta faɗi. Sai a lura da sharuɗɗan da malamai suka gindaya, cewa mai ƙasar ya kasance yana nan, yana sane, kuma babu abin da ya hana shi magana. Wanda tsoro ya kora ba ya nan, wanda aka ɗora wa bindiga kuwa shirunsa ba yarda ba ce. Saboda haka shekarun gudun hijira ba sa shiga lissafin hauzi, kuma gonar mutumin da ke zaune a Anka ko Gummi yau tasa ce kamar ranar da ya bar ta. Akwai karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma an yi ta ne domin wanda ya tafi da ƙafarsa don ganin dama, ba ta hau kan wanda aka kora ba.

Yanzu sai magana mai ɗaci, wadda in na tsallake ta na ci amanar abin da na rubuta a sama. Hurumin da nake magana a kai ba na manomi kaɗai ba ne. Burtali hurumi ne, mashaya hurumi ce, makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe hurumi ce, kuma an karantar da mu cewa mutane suna tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Shekara da shekaru ana cinye burtali da garma, ana yanka dazuzzukan kiwo ana raba wa masu hali, ana cin Bafulatani tara fiye da ƙima a gaban hukuma, har aka kai ga wasu 'yan sa-kai suna kashe mutum a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba, don kawai kamanninsa da harshensa. Wannan ba ya wanke ɗan bindiga ko kaɗan, domin zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka jinin wanda bai taɓa ka ba, kuma Fulani da yawa su ne farkon waɗanda ɓarayin suka raba da shanunsu. Amma rugar da aka ƙone ita ma kufai ce, a gefenta akwai kaburbura, kuma tsohuwar da aka koro daga can tana da haƙƙin komawa daidai da na tsohuwar da aka koro daga ƙauye.

Shi ya sa nake taka tsantsan da kwatanta halinmu da na wasu al'ummu na duniya, ko da yake akwai abin koyo a wurinsu. Mutanen asali na Ostareliya sun yi shekaru suna fafutuka har aka mayar musu da dutsen Uluru a 1985, aka kuma hana hawansa a 2019, kuma da kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan a 2020, wuraren da kakanninsu suka zauna tun shekara 46,000 da suka wuce, kukan da suka yi sai da ya sa shugaban kamfanin ya sauka. Abin koyo shi ne haƙurinsu da riƙon tarihin kowane dutse da kowace rijiya, har ya zama hujja a gaban alƙali. Amma su wanda ya karɓe musu ƙasa daga ƙetaren teku ya zo, mu kuwa Bazamfare da Bafulatani da Bagobiri da Badakkare duk a nan aka binne cibiyarsu, kasuwa ɗaya suke ci, mafi yawansu alƙibla ɗaya suke fuskanta. Duk wanda ya ɗauki kalmar ɗan ƙasa ya mayar da ita wuƙar yanke maƙwabcinsa, to sabuwar kora yake shiryawa.

Kada kuma a ɗauka cewa ranar da bindiga ta yi shiru magana ta ƙare. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai takarda a hannu ya kan rinjayi mai gado a baki. Mutanen Talata Mafara da Maradun ba su manta da Bakolori ba, inda manoman da aka karɓe wa gonaki saboda madatsar ruwa suka tsare hanyoyi suna neman diyyarsu, aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980 aka buɗe musu wuta. Ƙasar da ta zama kufai, ga zinariya a ƙarƙashinta ga fadama a gefenta, masu kwaɗayinta ba za su rasa ba, kuma za su zo da taswira da hatimi. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta tabbatar wa wanda aka raba da muhallinsa haƙƙin komawa bisa zaɓinsa cikin aminci da mutunci, amma yarjejeniya ba ta san iyakar gonar kowa ba. Wanda ya san ta shi ne dattijon nan da ke zaune a ƙofar bukkar leda, wanda zai iya gaya maka cewa daga kukar nan zuwa marken can gonar gidan wane ce, burtali kuma ta arewa da rafi ya bi, maƙabartar farko tana gabas da tsohon masallaci. Irin waɗannan dattawa kuwa kullum raguwa suke yi, yaran da aka haifa a gudun hijira har sun fara tasawa ba su taɓa ganin garinsu ba.

Don haka ina roƙon masu martaba sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum, da iyayen ƙasa da hakimai da arɗo-arɗo, da limaman da aka koro tare da jama'arsu, da ku samarin da Allah ya ba ilimin alƙalami, ku zauna da dattawan kowane ƙauye da kowace ruga tun suna da rai. A rubuta sunan garin da gidajensa, da gonakinsa da masu su da magadansu, har da rabon mata da marayu, da burtali da mashaya da masallaci da maƙabarta, a karanta a bainar jama'a, Hausawa da Fulani suna zaune, shaidu su sa hannu, a ajiye kofe ɗaya a fada, ɗaya a kotu, ɗaya a hannun mutanen garin. Wannan aiki ba ya bukatar jiran Gusau ko Abuja, takarda da alƙalami da tabarma sun isa. Don girman Allah a fara shi a wannan rani, kafin damina ta sake sauka a kan gonakin da ba kowa.